Kifin gadi a Majidun: littafin aikin ruwan Kawu

9 ga Nuwamba

Yau na sayi littafi mai bango mai tauri na rubuta kwanan wata a shafin farko. Bari in fara da asalin maganar saboda wanda zai karanta daga baya.

Kawuna yana kiwon tarwada a tankunan tamfol takwas a Majidun, kan hanyar Ikorodu, yana kuma da kududdufi guda na ƙasa da yake zuba karfasa. Rijiyar burtsatsen gidan ba ta isar su, shi ya sa yake jawo ruwa da inji daga rafin da ke bayan katanga, wanda ke gangarawa cikin babban tafkin Legas. Makonni uku da suka wuce aka ba kududdufin ruwa da yamma. Da asuba aka tarar fiye da rabin karfasan sun juya ciki sama. Kawu ya ce guba ce, har ya nuna da leɓe wajen wata masana'anta da yake zargi. Na tambaye shi ko an ɗebi ruwan an ajiye. Ba wanda ya ɗiba. Ya ce, "Kai ɗan nan, ruwa ba ya tsami banza." Na ce haka ne Kawu, amma abin da ke sa shi tsami ya fi ɗaya.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a Ketu, a Mile 12 nake zaune, ranar Asabar kaɗai nake da sukuni. Shawarar da na kawo ita ce a sa ƙaramin tankin gilashi a bakin tiyo, ruwan rafi ya fara bi ta cikinsa kafin ya wuce, a zuba 'yan kifaye a ciki su zama masu gadi. In suka rikice a kashe inji.

Ba ni na ƙago dabarar ba. A Warso, babban birnin Folan, inda ake ɗebo ruwan sha daga kogin Bistula, makankari takwas ne ke gadi, dabbar nan mai bawo biyu da a gida ake kankare tukunya da bawonta. Kowanne an manna masa na'urar da ke gaya wa kwamfuta ko bawon a buɗe yake ko a rufe. In akasarinsu suka rufe lokaci guda sai ƙararrawa ta tashi. Bayan wata uku a mayar da su ruwan da aka ɗauko su, a kawo wasu. Kawu ya ce in dai ba zai biya su albashi ba, ya yarda.

16 ga Nuwamba

Wa za a ba gadin? Kawu ya ce ga tarwada nan tuli, a ɗebi shida. Baba mai kula da tankunan, Basarke ne mutumin Yawuri, shekarunsa sun haura sittin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Alhaji, tarwada fa da rani a cikin taɓo muke tono ta tana motsi. Ita ce za ta gaya maka ruwa ya ɓaci?"

Gaskiyarsa. A cikin kan tarwada, saman mashaƙarta, akwai wani nama mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da shi take shaƙar iskar sarari kai tsaye. Ko oksijin ya ƙare a ruwa, sai ta leƙo ta haɗiyi iska ta koma. Leƙowa ɗabi'arta ce, don haka leƙowarta ba labari ba ne.

Na gwada ƙananan dodon koɗin nan na bakin ruwa masu tsinin bawo, waɗanda mutanen Kalaba ke miya da su. Kwana biyu suna cikin bokiti. In abu bai yi musu ba sai su shige bawo su ja murfi, to amma haka suke yi in ka taɓa bokitin, haka suke yi in ruwa ya ragu, wani lokaci ma ban ga dalilin ba. Haƙurinsu ya yi yawa. Na mayar da su rafi.

Daga ƙarshe muka tsaya a kan karfasar tafkin, mai baƙin tabo a haɓa. Baba ya karɓo goma sha biyu masu tsawon yatsa daga wajen masuntan Ilaje da ke maƙwabtaka da mu. Yarabancinsa bai taka kara ya karya ba, amma masunci da masunci ba sa buƙatar tafinta. Shida za su zauna a tankin da ruwan rafi ke bi, shida a tanki na biyu mai ruwan da na amince da shi, don in riƙa kwatantawa. Na rubuta "Rafi" a jikin ɗaya, "Shaida" a jikin ɗayan.

30 ga Nuwamba

Kuskuren farko, kuma nawa ne. Ruwan burtsatse na zuba wa Shaida, a tunanina tunda daga ƙasa ya fito, garau kamar hawaye, shi ne mai kyau. Cikin kwana huɗu kifayen Shaida suka lafe a kusurwa suka naɗe ƙayoyin bayansu, na Rafi kuwa suna ta wasa cikin ruwan da ko alwala ba za ka so yi da shi ba. Da na tsoma takardar awon tsami, ruwan burtsatsen ya nuna pH, wato ma'aunin tsami, ƙasa da 6, na rafi dab da 7, wanda shi ne tsaka-tsaki. Ga kuma jar tsatsar ƙarfe da ke kwanciya a gindin bokiti in ruwan ya kwana. Wato na ɗauko kifi daga gidansa na jefa shi ruwan da bai saba da shi ba, sannan na ce shi ne ma'auni.

Gyaran da muka yi: a ranar da kifayen Rafi suke lafiya lau, a cika duro biyu da ruwan rafin, a rufe, a riƙa hura masa iska, daga nan Shaida za ta riƙa sha. Tankunan biyu na jera su a inuwa ɗaya, kan benci ɗaya, don kada rana ta fifita wani.

Rafin kuwa a yanzu ba a ganin ruwansa sai kore. Tsiron nan mai shunayyar fure da kumburarren kara ya rufe shi daga gaɓa zuwa gaɓa, kwale-kwale sai da gora ake tura shi. Ni kainuwa nake ce masa, Baba ya ce wannan ba kainuwar da ya sani ba ce, tasu ta gida a kwance take kamar ganyen latas. Ya yi daidai, wannan baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, a 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagiri, ta shigo ta wajen Jamhuriyar Benin. Ƙarƙashinta duhu ne, kuma tana hana iska taɓa fuskar ruwa. Na sa alama a nan, zan dawo kanta.

7 ga Disamba

Kifi na ganinka mai jar koma. Yau na gane karin maganar nan ba wasa ba ce. Abu uku nake ƙirgawa: sau nawa marfin kunnen kifi ke buɗewa a minti ɗaya, guda nawa ke saman ruwa suna haɗiyar iska, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su cinye abincin da na auna da murfin kwalba. To da na matso da agogo sai su taso gaba ɗaya gefen da nake, wasu don tsoro, wasu don sun san mai ba da abinci. Numfashinsu ya ƙaru, ni kuma in rubuta. Ashe kaina nake aunawa.

Yanzu na lulluɓe gefe uku da baƙar leda, na kafa tsohuwar waya a kan katako tana ɗaukar bidiyo, in danna in bar wurin minti goma. A makaranta na ba ɗalibai uku bidiyo ɗaya su ƙirga kowa shi kaɗai. Lambobi uku daban suka kawo. Sai da muka rage gudun bidiyon muka kuma yarda cewa buɗewa da rufewa tare su ne ɗaya, sannan lissafinsu ya matso kusa. Wata yarinya a cikinsu, 'yar Agege, ta fi ni ido. Ita na naɗa shugabar ƙirga.

21 ga Disamba

An ɗauke wuta kwana biyu, famfon iska ya tsaya, ruwan duro ya yi wari. An zubar an sake. Na sayi famfo mai batir. Babu awo wannan makon.

11 ga Janairu

Ranar Laraba da sassafe Baba ya kira ni. Kifayen Rafi sun ƙi cin abinci, sun kwanta a ƙasa, ya riga ya kashe inji. Na ce, "Baba, na Shaida fa?" Ya yi shiru ya je ya duba, ya dawo ya ce su ma haka. To ba rafi ba ne.

Hunturu ne ya sauko. Hunturun Legas ba ya kama ƙafar na Kano, amma ƙaramin tankin gilashi ba ya riƙe ɗumi. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 24 da safe, alhali a Nuwamba 29 nake gani. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne nasa. Ƙa'idar da muke koya wa yara ita ce in zafi ya ƙaru da digiri 10 aikin cikin jiki yakan kusa ninkawa, in ya ragu haka ya kusa rabewa biyu. Digiri biyar ɗin nan sun isa su rage numfashi, su rage yunwa, su sa kifi ya lafe. Da rana ta ɗaga ruwa ya ɗumama, duk suka ci.

Baba ya ɗan ji kunya, ya ce ai ya sani, a Yawuri da sanyi ko ƙugiya kifi ba ya kamawa sai hantsi, tsoron asarar Alhaji ne ya rufe masa ido. Na ce ni da ya kashe inji sau goma a banza ya fi mini sau ɗaya da bai kashe ba. Amma mun kafa doka: kafin a duba Rafi a fara duba Shaida. Na kuma ƙara layi a littafi, ba a rubuta numfashi sai da zafin ruwa a gefensa.

1 ga Fabrairu

Gishiri ya iso. Tafkin Legas ruwa biyu ne ke kokawa a cikinsa: kogin Ogun da sauran rafuka suna turo ruwan daɗi daga arewa, teku tana turo nata ta mashigar jiragen ruwa daga kudu. Da damina koguna ke da rinjaye, da rani teku. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A Nuwamba madubin awon gishirina kusan sifiri yake nunawa a rafin nan. Yau da ruwa ya kawo na ga 11, da ya ja na ga 4.

Kainuwar ta fara rawaya tana nutsewa, don ba ta jure gishiri. Rafin ya buɗe, masu kwale-kwale suna murna, ni kuwa ina kallon duk ganyen nan da zai ruɓe a ƙasa.

Abin da ya dame ni daban ne. A tankuna biyu na Kawu tarwada sun rage ci, fatarsu ta yi fari-fari, alhali masu gadina suna cikin ƙoshin lafiya, har ƙiba suke yi. Karfasa mai baƙar haɓa 'yar wannan ruwa ce, tana rayuwa a ruwan daɗi, tana rayuwa a wanda ya fi teku gishiri. Tarwada kuwa kifin ruwan daɗi ce. A Nuwamba na ƙi tarwada don ba ta jin ƙarancin oksijin, yanzu ga shi wadda na zaɓa ba ta jin gishiri. Kowanne da kunnen da ya toshe. Ba yadda za a yi kifi ɗaya ya yi gadin komai, gishiri dole a auna shi da madubi.

Sa'ar da muka ci ita ce teku tana da lokaci. Sau biyu take kawowa a yini da dare, kullum kuma tana jinkirtawa da kusan minti hamsin. Cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Da na fara zana wa Baba jadawali sai ya ce in bar wahala, shi da wata yake lissafi tun yana yaro, kuma Ilajen sun riga sun gaya masa. Yanzu ba a tada inji sai ruwa ya gama ja. Ruwan duro na Shaida ma dole a riƙa sabunta shi duk mako, don gishirinsa ya bi na rafi.

15 ga Fabrairu

Kifi ɗaya a Rafi ya yi kwana biyar bai ci ba, maƙogwaronsa ya kumbura, bakinsa na motsi kamar mai tauna goro. A Shaida babu mai irin wannan. Na fara zargin ciwo, har na ɗebi ruwa a kwalba. Baba ya kama shi a hankali ya buɗe bakin da yatsa, sai ga ƙwai jajaye-jajaye. Ya ce, "Malam, mai jego ce." Da ya juya cikin ya duba sai ya ce a'a, namiji ne, wannan wane irin gari ne?

A karfasar da ya sani ta kogin Kwara, uwa ce ke goyon ƙwai a baki. A wannan mai baƙar haɓa, uba ne ya fi yi. Ya yi ta mamaki har la'asar, ya ce Legas ko kifinta sai ya saɓa. Na ware mai goyon a bokiti, na cire shi daga ƙirga.

8 ga Maris

Azumi ya zo mini da alheri a wannan aiki. Na kwana uku a Majidun, kuma tunda dole a tashi sahur, na samu abin da na daɗe ina so, wato awon asuba.

Da ma ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa. Ruwan daɗi mai zafin digiri 20 iyakarsa miligiram 9.1 a lita. A digiri 25 ya sauko 8.3, a digiri 30 kimanin 7.6. Ruwan teku a zafi iri ɗaya yakan gaza haka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wato a watan nan na zafi da gishiri, tulun ya ƙanƙance a daidai lokacin da kifi ya fi jin ƙishirwa, tunda zafi na ƙara masa numfashi.

Sannan ga gansakukar da ta sa kududdufin Kawu ya zama kore. Da rana tana samar da oksijin, da la'asar na auna na ga ya haura 9. Da dare ba ta samarwa, sai ma ta shiga sahun masu shaƙa, ita da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da kashi da ragowar abinci da matacciyar kainuwa. Bayan sahur, kafin kiran assalatu, na auna da kwalaben ɗigo a hasken tocila: bai kai 2 ba. Karfasan duk suna sama, baki a buɗe, suna tsotsar siririn ruwan da ke taɓa iska. Ƙarfe tara na safe kuwa ka rantse ba abin da ya faru. A tankin Rafi ma haka, ko da yake bai kai na kududdufi ba. Leƙowa da asuba a watan Maris, ashe, abin kullum ne.

La'asar ma da nata sharrin. Gansakuka in ta ci rana takan ja ruwa zuwa ɓangaren kanwa, pH ya hau. Ammoniyar da kifi ke fitarwa kuwa kama biyu gare ta, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai ƙona mashaƙa, kuma pH ke raba su. A digiri 25, in pH yana 7 mai cutarwar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A 8 ta kai kusan kashi biyar cikin ɗari. A 9 ta haura kashi ɗaya cikin uku. Ammoniya ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, amma da safe ba komai, da yamma guba.

Wannan ya sa na koma kan asarar Oktoba. Bayan buɗa baki na zauna da Baba na yi masa tambayoyi. Waɗanne suka mutu, manya ko ƙanana? Manya, ya ce, ƙananan sun tsira. Yaushe? Da asuba. Tarwadan da suka sha ruwa ɗaya da su fa? Ko ɗaya ba ta mutu ba. Yinin ranar akwai rana? A'a, hadari ne ya rufe gari kwana biyu. Masu binciken mutuwar kifi suna da alamomin da suke bi. Ƙarancin oksijin yakan fara da manya, yakan zo da asuba, yakan bar masu shaƙar iskar sarari. Guba ta fi fara kayar da ƙanana, kuma ba ta zaɓar lokaci. Amsoshin Baba huɗu duk gefe ɗaya suka nuna: ruwan da aka jawo daga ƙarƙashin kainuwa, aka zuba a kududdufi mai cunkoso, bayan kwana biyu babu rana.

Na gaya wa Kawu cikin ladabi. Bai ji daɗi ba. Mutum ya fi son a ce wani ne ya cuce shi da a ce kifinsa ne ya yi yawa a rami. Ya ce, "To Malam, mun ji," kuma duk sanda ya kira ni Malam maimakon ɗan nan, na san akwai saura. Amma washegari ya aika aka sayo injin hura iska na kududdufi.

22 ga Maris

Mun samu gwaji mai sauƙi wanda Baba zai iya yi ba tare da ni ba. In kifayen Rafi suka rikice na Shaida suna lafiya, ya kashe inji, ya jefa dutsen iska, wanda famfo ke hura iska ta cikinsa, a tankin, ya duba agogo. In sun sauko sun natsu cikin rabin sa'a, oksijin ne. In iska na tafasa amma ba su natsu ba, ya cika kwalbar gilashi har baki, ya rufe, ya sa a ƙanƙara, ya kira ni ko ƙarfe nawa ne. Na rubuta masa da ajami na manna a bango, don boko ba ya shiga idonsa.

Sau uku ya yi gwajin a makon nan, sau ukun iska ta warware.

12 ga Afrilu

An yi ruwan sama mai ƙarfi na farko ranar Alhamis da rana. Wata biyar kwatocin unguwa suna tara abin da suke tarawa, baƙin mai na makanikai, ruwan wanki, shara, abin da ba a faɗa, duk rana ɗaya aka wanke su zuwa rafi. Baba ya ce ruwan ya zo baƙi kamar na rini. Da ma bai tada babban inji ba, ƙaramin famfon tankin gadi kaɗai ke ja.

Ƙarfe huɗu na yamma kifayen Rafi suka taso sama. Da la'asar, gari a sanyaye, Shaida lafiya. Da a Disamba ne da ban san ko wannan abin damuwa ba ne, amma yanzu ina da shafuka sittin da ke cewa ba su taɓa yin haka a wannan lokaci ba. Ya sa iska, suka sauko. Ƙazanta ce mai cinye oksijin, ba wani abu ba.

Daren Juma'a ne abin ya bambanta. Wajen sha ɗaya ya kira ni, muryarsa na rawa. Ba sama suke ba, ya ce, zabura suke suna dukan gilashi, biyu suna juyawa kamar mazari, ɗaya ya kife ya kasa miƙewa. Iska na tafasa, rabin sa'a ta wuce, ba sauyi. Na ce ya cika kwalba biyu, ya kashe famfon, ya kwashe su zuwa ruwan duro. Da na iso da safe oksijin ɗin tankin ya haura 6, gishiri 2, pH 7, zafi 27. Duk abin da nake iya aunawa lafiya yake. Biyu mafi ƙanƙanta sun mutu, sauran sun farfaɗo zuwa azahar. Irin wannan zabura da rasa daidaito an san su da abubuwan da ke taɓa jijiya, kamar magungunan ƙwari, waɗanda wasunsu ɗigo kaɗan ke kashe kifi. Ban rubuta sunan komai ba sai an auna.

Da hantsi na sake jawo ruwan rafi na gwada da kifi biyu daga Shaida. Ko gezau. Abin ya zo ya wuce cikin dare. A nan ne amfanin mai gadi mai rai yake, don wanda zai zo da kwalba ranar Litinin ba abin da zai tarar. Turawa ma sai da suka ji jiki suka ɗauki abin da gaske. A ranar 1 ga Nuwamba, 1986 gobara ta tashi a wani ɗakin ajiyar sinadarai kusa da Bazel a Suwizalan, ruwan kashe gobarar ya kwashi magungunan ƙwari zuwa kogin Rayin, kifi ya mutu har ɗaruruwan kilomita. Bayan nan aka ƙarfafa tashoshin sa ido a bakin kogin, har da masu amfani da kifi da ƙananan halittun ruwa dare da rana.

3 ga Mayu

Kwalba ɗaya tana wani ɗakin gwaji a Yaba ta hannun abokin karatuna, ɗayar na bar ta a firiza. Kuɗin awon magungunan ƙwari ya fi kuɗin duk kayan da na saya tun Nuwamba. Kawu ne ya biya, bai ko yi ciniki ba, don a ganinsa gaskiyarsa ce ta fito. Na ce masa tsakanin wajen da yake zargi da katangarmu akwai lambuna, akwai masu feshin sauro, akwai kuma masu zuba magani a ruwa don kama kifi, wanda Baba ya ce ya sha gani. In sakamako ya nuna wani abu, hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, za mu kai wa, da kwanan wata da sa'a da bidiyo. Ya ce, "Kai ɗan nan, taurin kanka na uwarka ne." Ɗan nan ya dawo, alhamdulillahi.

Gishirin rafi ya sauko 1 ko da ruwa ya kawo. Nan da Yuni zai koma sifiri, ruwa zai yi laka, zafi zai ragu, zuwa ƙarshen damina kuma in an saki ruwan madatsar Oyan kogin Ogun zai cika, kainuwa ta dawo. Shafukana duk na rani ne, ba zan auna kifin damina da su ba. Na ja layi, na buɗe sabon shafi.

Abin yi kafin Asabar mai zuwa: Baba zai karɓo karfasa huɗu a cike gurbi, a bar su mako biyu su saba kafin a fara ƙirga da su. A ɗaga bencin tankuna kan bulo uku saboda ambaliya. A samo ƙananan jatan lande daga wajen Ilaje a gwada tanki na uku, tunda magungunan ƙwari sun fi saurin kama su fiye da kifi. Shugabar ƙirga tana da jarrabawa, sai na nemo wanda zai riƙe mata bidiyon mako biyu.